Wane Tsoro Ne Ya Haifi Fina-finan Mamayar Baƙin Halittu?

Tun daga ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da wani tsohon jami'in leƙen asirin sojan saman Amurka mai suna David Grusch ya shaida wa wani kwamitin Majalisar Wakilan ƙasar cewa an faɗa masa gwamnati na ɓoye da tarkacen jiragen da ba ɗan Adam ne ya ƙera su ba, maganar baƙin halittu ta sake tashi a kafafen sada zumunta. A cikin abubuwan da ake yaɗawa har da gutsattsarin tsofaffin fina-finai marasa launi, inda ake ganin faya-fayai masu tashi suna rusa gine-gine, tare da sharhin cewa ai Turawa sun daɗe suna sanar da duniya abin da suke ɓoyewa. Wasu kuma suna kallon waɗannan fina-finai a matsayin shirmen yara, na mutum sanye da rigar roba yana bin mata da gudu. Tambayar ita ce, mene ne ainihin abin da ke cikinsu, me ya sa suka yi yawa a ƙasa ɗaya cikin shekara goma kacal, kuma wane ne baƙon da masu shirya su suke tsoro?

Abin da ake nufi da wannan nau'in fim

Nau'i biyu ne suka haɗu wuri guda. Na farko shi ne ƙagaggen labarin kimiyya, wanda ke ɗaukar wani abu da ilimin zamani ya ce mai yiwuwa ne, kamar samuwar rai a wata duniyar, ya gina labari a kansa. Na biyu shi ne fim ɗin ban tsoro, wanda burinsa ya sa tsikar jikin mai kallo ta tashi. Idan aka gwama su, sai a sami labarin wata halitta mai hankali da ta taso daga wajen duniyarmu da nufin ƙwace ta, ko cinye mutanenta, ko maye gurbinsu.

Yana da kyau mai karatu ya bambance wannan halitta da aljani, domin masu kallo da yawa a wajenmu suna cakuɗa su. A cikin waɗannan labarai baƙon halitta jiki gare shi, yana jin yunwa, yana tafiya a jirgin da aka ƙera da ƙarfe, kuma ana iya kashe shi da wutar lantarki ko sanyi ko ƙwayar cuta. Fifikonsa a kan mutum fifikon fasaha ne da makami, kuma a kan wannan ne gaba ɗaya tsoron ya ginu.

Tushen labarin: mai cin ƙasashe ya hango ranar da za a ci tasa

Kusan duk waɗannan fina-finai jikokin littafi ɗaya ne, wato The War of the Worlds na marubucin Ingila H. G. Wells, wanda ya fito a 1898. A lokacin ana ta maganar duniyar Mars, saboda wani masanin taurari Ba'amurke, Percival Lowell, ya dage cewa layukan da yake hangowa a kanta magudanan ruwa ne da wasu masu hankali suka haƙa domin duniyarsu tana bushewa. Wells ya ɗauki wannan zato ya ce, to idan ƙasarsu ta mutu, ina za su nufa? Sai ya sauke su a kusa da garin Woking, kudu maso yammacin Landan, cikin injuna masu ƙafa uku, da wani haske mai ƙone duk abin da ya taɓa, da baƙin hayaƙi mai guba. Sojojin daular da ta fi kowace ƙarfi a duniya suka watse cikin 'yan kwanaki, mutanen Landan suka cika hanyoyi suna gudun hijira.

Wells bai ɓoye inda ya samo hoton ba. A babin farko ya tunatar da masu karatunsa abin da Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya cikin shekara hamsin, sannan ya tambaye su ko suna da bakin yin ƙorafi idan mutanen Mars suka yi musu irin wannan yaƙi. Kalmomin da ya siffanta mutanen Tasmaniya da su suna ɗauke da rainin launin fata irin na zamaninsa, kuma zuriyarsu ba ta ƙare ba kamar yadda ya ɗauka, amma tambayar da ya yi tana nan da nauyinta.

Wanda ya san tarihin ƙasashenmu zai gane wannan hoto ba tare da an yi masa dogon bayani ba. A watan Satumba na shekarar da littafin ya fito, a Omdurman ta Sudan, bindigogi masu sarrafa kansu da igwa sun kashe fiye da mutum 10,000 na rundunar Mahadi cikin safiya guda, alhali waɗanda aka kashe a ɓangaren Ingila da Masar ba su kai 50 ba. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa ta yamma tana ƙone garuruwa, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ta kuma yi ta'asa a Birnin Ƙonni. A 1903 Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris. Baƙi daga nesa, makamin da ba a taɓa gani ba, ganuwar da ta kasa tsare gari, jarumtar da ba ta hana komai ba: abin da mai karatu a Landan ya biya kuɗi ya karanta don ya ji tsoro, kakanninmu sun gan shi da idonsu a shekarun nan. A ganina, duk wanda ya kalli waɗannan fina-finai bai riƙe wannan a zuciya ba, rabin labarin ya kalla.

Daga rediyo zuwa faifai mai tashi

A daren 30 ga Oktoban 1938, Orson Welles ya mayar da littafin wasan kwaikwayo a gidan rediyon CBS, cikin sigar labaran gaggawa da ke katse shiri, ya kuma kai saukar baƙin jihar New Jersey. Wasu masu sauraro sun firgita, ko da yake binciken da aka yi daga baya ya nuna jaridu sun kambama girman ruɗanin. Shekara tara bayan haka, a ranar 24 ga Yunin 1947, wani matuƙin ƙaramin jirgi mai suna Kenneth Arnold ya ce ya ga abubuwa tara suna gudu a sama kusa da dutsen Rainier a jihar Washington. Jaridu suka raɗa musu sunan da a Hausa za mu ce faifai mai tashi, kuma cikin makonni kaɗan rahotanni irin wannan suka cika ƙasar, har da na garin Roswell a watan Yuli. Masu shirya fim sun sami siffar jirgin baƙi a kyauta daga shafukan jarida.

Me ya sa sai shekarun 1950?

Amurka ta fito daga yaƙin duniya na biyu ba tare da an jefa bam a manyan biranenta ba, amma ita ce ta nuna wa duniya a Hiroshima da Nagasaki, a watan Agustan 1945, cewa jirgi ɗaya zai iya shafe birni. A Agustan 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bam ɗin, a Oktoba 'yan gurguzu suka karɓi mulkin ƙasar Sin, a Yunin 1950 yaƙin Koriya ya ɓarke. Tekunan da suka tsare Amurka ƙarni da ƙarni suka daina zama kariya, domin mutuwa yanzu ta sama za ta zo. Aka riƙa koya wa yara a makaranta yadda za su shige ƙarƙashin tebur idan suka ga walƙiyar bam.

Tsoro na biyu na cikin gida ne. Tun 1947 wani kwamitin majalisa ya fara kiran ma'aikatan Hollywood yana tambayarsu ko su 'yan gurguzu ne, aka ɗaure goma daga cikinsu saboda sun ƙi amsawa, wasu ɗaruruwa suka rasa aiki. A 1950 Sanata Joseph McCarthy ya fara iƙirarin cewa maƙiya sun cika ma'aikatar harkokin waje. Bayan yaƙin Koriya, fursunonin yaƙi Amurkawa 21 suka ƙi komawa gida, jama'a suka shiga maganar cewa an wanke musu ƙwaƙwalwa. Mutum ya fara duban maƙwabcinsa da malamin ɗansa da wani ido.

Akwai kuma dalilin kasuwa, wanda masu sharhi kan manta da shi. Talabijin ta shiga gidaje ta janye manya daga silima, hukuncin Kotun Ƙoli na 1948 ya raba manyan kamfanonin fim da gidajen silimarsu, sai ƙananan kamfanoni suka sami ƙofa. Matasa masu mota su ne suka zama 'yan kallo, a filayen da ake kallon fim daga cikin mota, waɗanda suka haura 4,000 a 1958. Fim ɗin dodo ba ya bukatar fitaccen jarumi mai tsada. The Blob na 1958, labarin wani curin abu mai yauƙi da ya faɗo daga sama yana haɗiye mutane yana ƙara girma, da matasa aka yi shi domin matasa, kuma a cikinsa manyan gari ne ke ƙin yarda da gargaɗin yara har sai abin ya afka wa gidan silima.

Soja ko masani: fina-finai biyu na 1951

A shekara guda aka saki fina-finai biyu da suka ba da amsa mabambanciya ga tambaya ɗaya, wato me za a yi wa baƙo idan ya sauka. A cikin The Thing from Another World, wanda Howard Hawks ya shirya, sojojin sama da masana kimiyya sun tono wata halitta daga ƙanƙara a ƙuryar arewacin duniya. Halittar dangin tsiro ce, jini take sha. Babban masanin da ke wurin ya nace cewa duk wanda ya iya ƙera irin wannan jirgi ya fi mutum hikima, don haka a yi magana da shi, har ya riƙa shayar da 'ya'yan tsiron da jinin da aka ajiye don marasa lafiya. Da ya tari halittar da lallami sai ta make shi gefe, sojoji suka ƙone ta da wutar lantarki, fim ɗin ya rufe da ɗan jarida yana gargaɗin duniya ta rediyo cewa a ci gaba da duban sama.

The Day the Earth Stood Still na Robert Wise ya juya al'amarin. Baƙon ya sauka a birnin Washington da siffar mutum, ya miƙo kyauta, wani soja da ya tsorata ya harbe shi. Saƙonsa shi ne idan mutane suka kai makamansu na ƙare-dangi sararin samaniya za a hallaka duniyarsu, kuma don ya nuna da gaske yake, ya tsayar da wutar lantarki a duk duniya na rabin awa, ban da asibitoci da jiragen da ke sama. A nan masana ne masu hankali, masu bindiga ne abin tsoro. Mafi yawan fina-finan da suka biyo baya hanyar na farko suka bi. Da aka mayar da littafin Wells fim a 1953, an kai labarin California, an jefa wa baƙin bam ɗin nukiliya bai yi musu komai ba, ƙwayoyin cuta suka kashe su yayin da mutane ke addu'a a coci. Maganar Tasmaniya kuwa ba ta shiga fim ɗin ba. Amurka ta ɗauki tsoron, ta bar tuhumar da ke tare da shi.

Lokacin da baƙo ya sa fuskar ɗan gida

Fina-finan da suka fi daɗewa a zukatan mutane su ne waɗanda ba su nuna rushewar birni ko ɗaya ba. A Invaders from Mars na 1953, yaro ne ya ga jirgi ya nutse cikin yashi a bayan gidansu, mahaifinsa ya je dubawa ya dawo da fushi da wani tabo a ƙeya, sannan mahaifiyarsa, sannan shugaban 'yan sanda. Duk wanda yaro zai gudu wurinsa an riga an karɓe shi.

Wanda ya kai wannan tunani ƙarshe shi ne Invasion of the Body Snatchers na 1956, wanda Don Siegel ya ba da umarni, daga littafin Jack Finney. Wani likita ya dawo ƙaramin garinsu ya tarar da majinyata suna kawo ƙara iri ɗaya. Wata mata ta ce kawunta ba kawunta ba ne, ko da yake kamanninsa da muryarsa da duk abin da yake tunawa suna nan daidai, abin da ya ɓace shi ne ƙaunar da take gani a idonsa. Wani yaro yana gudun mahaifiyarsa saboda dalili guda. Likitan ƙwaƙwalwa na garin ya ce ruɗu ne kawai da ya kama jama'a. Gaskiyar ita ce wasu irin tsiro sun faɗo daga sama, suna fitar da manyan kwansuna, kowane kwanso yana gina kwafin mutumin da ke kusa da shi, ya maye gurbinsa da zarar ya yi barci. Babu jini, babu dodo mai haƙora. Makamin maƙiyi barci ne, abin da ba wanda ya isa ya guje masa har abada, kuma waɗanda aka riga aka musanya suna zuwa da murya mai sanyi suna lallashin saura cewa sabuwar rayuwar ta fi sauƙi, ba so, ba baƙin ciki, ba damuwa.

An shafe shekaru ana jayayya kan ma'anarsa. Ɓangare ɗaya na cewa kwansunan gurguzu ne, aƙidar da ke shiga gari a ɓoye ta mayar da kowa abu ɗaya. Ɗaya ɓangaren na cewa farautar 'yan gurguzun ce ake nufi, lokacin da gari guda ke taruwa ya nuna mutum ɗaya da yatsa saboda ya ƙi zama kamar kowa. Finney ya ce shi labarin nishaɗi ya rubuta ba siyasa ba, Siegel kuma ya riƙa cewa mutanen kwanso suna nan a cikinmu, masu rayuwa ba tare da jin komai ba. Ni ina ganin ƙarfin fim ɗin yana cikin yadda ya karɓi fassarorin biyu, domin mai tsoron gurguzu da mai tsoron masu farautarsa ciwo ɗaya ke damunsu, wato amana ta ƙare tsakanin mutanen da suka tashi tare. Kamfanin da ya ɗauki nauyinsa ma ya ga ƙarshen ya yi duhu da yawa, inda likitan ke tsaye a tsakiyar titi yana ihu ba mai sauraronsa, sai ya sa aka ƙara wani yanki da hukuma ta gaskata shi. Da aka sake yin fim ɗin a 1978 a birnin San Francisco, bayan yaƙin Vietnam da abin kunyar siyasa na Watergate da ya girgiza fadar shugaban Amurka, ba a bar wa mai kallo wannan sassauci ba.

Ingila ta bi tata hanyar, mai ƙarancin hayaniya. A Village of the Damned na 1960, mutanen wani ƙauye sun sume na wasu awanni, daga baya matan suka wayi gari da ciki, suka haifi yara masu farin gashi da tunani ɗaya, waɗanda ke iya tilasta wa babba ya kashe kansa. Mamayar ta shigo ta ɗakin haihuwa.

Jikin mutum ya zama filin daga

A ƙarshen shekarun 1970 fasahar kwalliya da ƙirar dodanni ta kai inda za a nuna abin da a da sai dai a yi ishara. Alien na Ridley Scott, a 1979, ya sa halittar ta yi ƙwai a cikin ƙirjin mutum, ya kuma ƙara wani maƙiyi, wato kamfanin da ya aiki ma'aikatan jirgin, wanda ya ba da umarnin a kawo halittar ko da duk za su mutu. Mutumin da ya sa rigar dodon ɗan Najeriya ne, Bolaji Badejo, haifaffen Legas mai tsawon da ya haura mita biyu, wanda ke karatun zane a Landan lokacin da aka gan shi. Shi ne fim ɗinsa tilo, ya rasu a Legas a 1992.

A 1982 John Carpenter ya sake ɗauko labarin halittar cikin ƙanƙara da sunan The Thing, ya kai shi Antatika, ya mayar da ita mai kwaikwayon duk wanda ta cinye. Maza goma sha biyu a keɓe, ba wanda ya san waye mutum, har sai an ɗebi jinin kowa an taɓa shi da waya mai zafi. Fim ɗin ya fito mako biyu bayan E.T., labarin baƙo mai taushin hali da yara suka ɓoye, jama'a suka zaɓi E.T., The Thing ya faɗi a kasuwa. Yau ana lissafa shi cikin mafiya kyau a fanninsa.

To, shin hujja ne cewa ana ɓoye wani abu?

Masu wannan zargi suna da abin kamawa, domin gwamnatin Amurka ta yi ɓoye-ɓoye da gaske. A 1994 rundunar sojan sama ta bayyana cewa tarkacen Roswell na wani balan-balan ne na shirin sirri da ke sauraron gwajin bam ɗin Sobiyet. A 1997 wani masanin tarihi na hukumar CIA ya rubuta cewa jiragen leƙen asiri irin su U-2 ne suka haddasa kaso mai yawa na rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na 1960, kuma an riƙa ba jama'a bayanin ƙarya don a rufa musu asiri. Abin da aka ɓoye jiragen mutane ne. Binciken sojan sama da aka rufe a 1969 ya tattara rahotanni 12,618, aka bar 701 ba bayani, kuma rashin bayani yana nufin shaidar ba ta isa a yanke hukunci ba. A Yulin 1965 kumbon Mariner 4 ya aiko hotunan Mars, babu magudanan Lowell, sai ramuka da ƙasa busasshiya. A Maris na 2024 ofishin da ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa don wannan bincike ya ce bai sami shaidar fasahar wata duniya ba, ya kuma ambaci fina-finai da littattafai da talabijin cikin abubuwan da suka ƙarfafa wannan imani. Wato fim ya fi ciyar da jita-jita fiye da yadda ya tona wani asiri.

Ga mai kallo a yau, illar farko a bayyane take: yanzu da ake iya haɗa bidiyon ƙarya da ƙirƙirarriyar basira cikin mintuna, hoton faifai a saman wani gari ba ya tabbatar da komai, kuma siffar da ake ba shi kusan kullum daga waɗannan tsofaffin fina-finai aka aro ta. Ta biyu ta fi zurfi. Kalmar da Turanci ke kiran waɗannan halittu da ita, wato alien, ita ce dokokin Amurka ke kiran baƙon da ba ɗan ƙasa ba, kuma 'yan siyasa a ƙasashe da dama suna siffanta 'yan ci-rani da kalmar mamaya. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, amma mafi yawan waɗannan labarai sun horar da masu kallo cewa baƙo abin harbi ne, mai neman a saurare shi kuma wawa ne ko maci amana. Ko fim ɗin da ya tashi gyara wannan bai tsira ba. District 9 na 2009 ya nuna baƙin halittu a matsayin 'yan gudun hijira da aka killace a unguwar marasa galihu a Johannesburg, don ya soki wariyar launin fata da ƙyamar baƙi, amma a cikinsa 'yan Najeriya ne aka mayar 'yan daba masu cin naman halittun don neman ƙarfi. A watan Satumban shekarar, ministar yaɗa labarai Dora Akunyili ta bukaci gidajen silima a Najeriya su daina nuna shi, ta kuma nemi kamfanin Sony ya ba da haƙuri.